Ranar da Aka Ɗaga wa Jikana Jan Kati

Tun da na dawo daga Ingila labulen ɗakina bai huta ba. Wannan ta shigo, "Inna Dije, da gaske rana ba ta son faɗuwa a can?" Waccan ta shigo, "Da gaske kare ma likita gare shi?" Na ba da labari har muƙamuƙina ya gaji. Shi ya sa na ce da maƙwabciyata Malama Hindatu ta zo da biro da takarda, in faɗa sau ɗaya ta rubuta, tunda ni ban taɓa shiga aji ba. Ku gyara zama. Abin da idona ya gani zan faɗa, har da inda na yi ɓarna.

'Ya'yana biyu ne a can. Bashir yana Birmingham yana tuƙa bas. Ƙanwarsa Hauwa tana Manchester tana aikin jinya, ita ce uwar Sadiq, jikana da rabona da shi tun yana rarrafe.

Daga Funtuwa muka tashi bayan asuba, damina ta yi nisa, hanya duk kwazazzabo. Muka isa Abuja jiki ya yi tsami. Da jirgin ya ɗaga sama sai na ji kamar hanjina ya ƙi bi na, ya zauna a ƙasa. Na rintse ido ina ta salati. Da na buɗe, ga gajimare a ƙarƙashinmu kamar audugar da aka shanya, ni da na tsufa ina ɗaga kai in dube shi. Na ce tsarki ya tabbata ga Wanda ya riƙe wannan ƙarfe. Bayin jirgi kuwa sau ɗaya na shiga. Na danna wani abu ya yi wani irin gurnani, na fito da ɗankwalina a hannu, ban sake shan ruwa ba har muka sauka.

A bakin iyakarsu layi ne kamar maciji, ya naɗe ya sake naɗewa, amma ba mai tsallake wani. Na miƙa takardar da Bashir ya rubuto mini, aka duba fuskata, aka duba fasfo, aka buga. Ina cewa na tsira, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban jakata kamar ya zo gaisuwa. Kilishin da na sa aka yi wa Sadiq musamman, shi ya shinshino. Nama ba ya shiga ƙasarsu. Ma'aikacin da ke riƙe da karen yana ɗaukewa yana ba ni haƙuri, sai ka ce shi aka ƙwace wa. Ya buɗe ƙullin daddawa, ya rufe da sauri, ya miƙo mini abina.

Bashir ya kai ni unguwarsu, Small Heath. Gidaje ne a jere manne da juna kamar haƙoran matsefi, ba zaure, ba tsakar gida. Kana jin tarin maƙwabcinka ta bango amma ba ka san sunansa ba. Sai dai masallatai birjik, mahauta na yanka halal, har wata baiwar Allah 'yar Gana mai jin Hausa ta aiko mini da shinkafa da wake irin nasu, da yaji mai sa hawaye. Magariba kuwa sai ta ga dama take zuwa. Na yi alwala na zauna ina jira, har alwalar ta karye rana tana nan tsaye.

Kwana na biyu na ji ɗakin yana warin sanyi, na ɗauko turaren wutata na sa a kasko. Ban kai ga zama ba sai wani abu a rufin ɗaki ya fasa ihu, irin ihun da ban taɓa ji ba. Bashir ya taho a guje da tawul yana kaɗawa sama.

"Inna! Gidan council ne fa, na hukuma! So kike 'yan kashe gobara su zo?"

Na ce, "To ni na san gidanku ƙara yake kaiwa?"

Bayan sati biyu muka hau jirgin ƙasa zuwa Manchester. Hauwa tana wata unguwa Rusholme, inda titi guda duk gidajen abinci ne, ƙamshin gasasshen nama har cikin ɗaki. Bas-bas masu bene suna bin juna a Oxford Road kamar shanu za su mashaya. Muna zaune sai ƙofa ta yi duhu. Wani ƙato ne ya cika ta, wuyansa ya yi cinyata kauri.

Hauwa ta ce, "Inna, ga maigidanki."

Na ce, "Wannan? Na fasa auren. Ina na ga tukunyar da za ta ciyar da shi?"

Ya yi dariya ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Hausarsa gutsure-gutsure ce. "Kaka, ki zo Saturday. Ki gani ni ina wasa."

A daren Hauwa ta warware mini. Shekararsa ashirin da biyu, yana ɗaukar kaya a wani babban sito, amma ransa yana ga wasan zari-ruga. Bayan wasan wannan Asabar ɗin saura wasa biyu, sannan na ƙarshe, na cin kofi. A wannan na ƙarshen ne mutanen wani babban kulob, masu ɗaukar ɗan wasa aiki, suka ce za su zo su dube shi. Shekara uku yana jiran ranar.

Asabar ta zo. Hauwa tana asibiti wurin aiki, sai ta haɗa ni da maƙwabciyarta Maman Rifkatu, mutuniyar Kafanchan, wadda ba ta fashin coci ranar Lahadi kuma ba ta fashin filin wasa ranar Asabar. Ita ta zama bakina da kunnena.

Jama'a, na ga abin mamaki. Ƙarti goma sha uku nan, goma sha uku can. Ƙwallon kamar ƙwan jimina da aka ja shi ya yi tsawo. Gaba ake son kai shi, amma baya ake miƙa shi. Wanda ya riƙe sai ya sheƙa a guje, mutum biyu uku su tare shi su maka da ƙasa, kana jin ƙarar haɗuwar ƙashi daga inda kake. Sai ya tashi, ya tura ƙwallon baya da ƙafa, a sake. In an kayar da su sau shida sai su miƙa wa abokan karawa. Ba zagi, ba riƙe kwala.

Na ce, "Wa ke raba su in abin ya ɓaci?"

Maman Rifkatu ta nuna mini wata 'yar mace siririya da usur a hannu, ba ta kai hammatar ko ɗayansu ba. "Ga ref can, Mama. Alƙaliyar wasa ke nan."

Wallahi in ta busa, sai ka ga ƙarti sun ja da baya kamar an zare musu laka. Shugabansu kaɗai ke mata magana, shi ma hannu a baya. Maman Rifkatu ta ce doka ɗaya ce ta fi tsanani: ka kama mutum a ƙugu, ka kama a cinya, ka kama a ƙirji, amma daga hammata zuwa sama ba naka ba ne. Wanda ya taɓa wuya ko kai, ko dai a ba shi katin ɗorawa ya zauna minti goma, ko jan kati ya bar filin. Marigayi maigidana mahauci ne, ya yi dambe da ƙuruciya, kuma a dambe kan ake nema. Nan kuwa duk jikin mutum halal ne ban da kansa.

Ana nan ana nan, kafin hutu, Sadiq ya taho da ƙwallo. Wani jan saurayi na ɗaya ɓangaren, Callum sunansa, ya kawo hannu ya same shi a muƙamuƙi. Kowa ya gani. Usur bai yi ƙara ba. Maman Rifkatu ta miƙe tana ihu, "Ref! Idonki yana ina? Haba!" Alƙaliyar tana bayan mutane, ta wuce abinta.

Sadiq ya tashi ya tofar da jini. Ya bi Callum da kallo. Na san wannan kallon. Na zauna da mai irinsa shekara arba'in.

Bayan hutu Callum ya taho da ƙwallo. Sadiq bai sunkuya ba. A tsaye ya tare shi, kafaɗarsa ta sami yaron a gefen kai, ya zube kamar buhun da aka kwance. Masu magani suka rugo. Alƙaliyar ta zo gaban jikana, ta ɗaga kai ta dube shi, ta zaro jan kati. Ya juya ya fita, kansa a ƙasa.

'Yan ɓangarenmu suka yi caa. Maman Rifkatu tana cewa, "Mudu biyu! Na wancan dabam, na ɗanmu dabam!" Ta ce yanzu takarda za ta tafi gaban kwamiti. In wasa biyu suka hana shi, zai samu na ƙarshe. In suka wuce biyu, shi ke nan.

To, a nan na yi ɓarnata. Ku kun sani, a wurinmu in yaro ya yi laifi babba ne ke tashi, ya ɗauki goro ya je wurin wanda ya raba faɗan, ya ce a yi haƙuri, a bar maganar a nan kada ta yi nisa. Da aka tashi, Maman Rifkatu ta tafi duba Sadiq, ni kuma na hango alƙaliyar tana buɗe motarta. Ban taɓa fita ba goro a jakata. Na zaɓi manya biyar farare, na je na rusuna, na kama hannunta na danƙa mata. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Sai na nuna ɗan littafin da ke aljihunta, na ce "Sadiq, Sadiq," na shafa tafin hannuna a kan ɗaya, alamar a goge.

Fuskarta ta yi ja. Ta ja da baya tana girgiza kai, ta so mayar mini, ni kuma na ɗauka kawaici ne, na ƙi karɓa, na tafi ina sa mata albarka. Har na yi barci mai daɗi a ranar.

Ranar Talata saƙo ya zo daga kwamitin. Laifi biyu: kafaɗar Sadiq, da kuma wani daga danginsa ya kai wa alƙaliya kyauta don ta share rahoto. Hauwa ta karanta ta zauna a ƙasa.

"Inna, me kika yi? Nan cin hanci suke kiran wannan!"

"Goro ne fa, Hauwa."

"Ko ruwan sanyi ne! Ba a zuwa kusa da ref, Inna, ba a zuwa!"

Sadiq bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Kwana shida yana shigowa ya ce "Sannu, Kaka," ya wuce ɗakinsa. Na yi masa tuwo da miyar kuka, na tarar da shi da safe yadda na rufe. Ni da na ƙetare teku don in gan shi, ga ni na zama dutsen da zai yi tuntuɓe da shi.

Ranar zaman kwamiti Bashir ya taho daga Birmingham da hoton bidiyon wasan a wayarsa, yana huci. A mota yake gaya wa Sadiq, "Ka ce zamewa ka yi. Accident ne, ka ji ko? Kocinku ma haka ya ce. Sauran ka bar mini, zan nuna musu wanda ya fara."

Wani ɗaki ne a saman bene, da dogon tebur. Mutum uku ne a zaune, mace ɗaya, maza biyu. Na tsakiyan tsoho ne mai karyayyen hanci, da ganinsa shi ma ya sha ƙasa a zamaninsa. Alƙaliyar tana gefe cikin kayan gida. Hauwa tana fassara mini a kunne. Aka kawo mini shayi, ni da na zo a matsayin mai laifi.

Suka kunna hoton a bango. Abin da ya wuce cikin ƙiftawar ido suka mayar da shi tafiyar hawainiya, suka tsayar, suka koma baya, suka sake. Na ga kafaɗar jikana tana tafiya a hankali har ta isa kan ɗan mutane, na ga idon yaron yana juyewa. Na ce a raina, in ɗan Adam ya iya dawo da abin da ya wuce haka, ina ga ranar da za a buɗe littattafai.

Bashir ya miƙe ya nuna nasa. Ga hannun Callum a muƙamuƙin Sadiq, ƙarara. Ya ce ina adalci a nan, a doki yaro a ƙyale, ya yi irinsa a kore shi?

Tsohon ya dubi alƙaliyar. Ta miƙe, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Na farkon ban gan shi ba, mutane sun tare ni. Da na gani da na ɗaga kati. Kuskurena ne, kuma na rubuta haka a rahotona tun ranar, bayan na kalli hoton. Amma don na rasa na farko ba zan rufe ido a na biyu ba."

Na sa Hauwa ta maimaita mini. Na kai shekara saba'in a duniya, na ga masu hukunci iri-iri, ban taɓa jin wanda ya kai ƙarar kansa da hannunsa ba. Tsohon ya ƙara da cewa shi ma Callum, da zarar likita ya sallame shi, a kan wannan kujerar zai zauna. Mai jinya ma ba a bar shi ba. Bashir ya koma ya zauna.

Sai aka ɗauko wata 'yar leda aka ajiye a tebur. Gorona ne guda biyar, sun yanƙwane. Ban jira an kira ni ba, na dafa tebur na tashi. Na ce, "Hauwa, faɗa musu yadda na faɗa, kada ki gyara. Ni ce na kai. Yaron nan bai sani ba, uwarsa ba ta sani ba. Kuma ba zan ce muku gaisuwa ce kawai ba. So na yi ta goge sunansa, don haka muke yi a garinmu in muna son magana ta mutu. Ban san a nan ba ta mutuwa sai an kai ta ƙarshe ba. In da hukunci, ga ni, a kaina ya kamata ya sauka."

Hauwa ta fassara. Suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Tsohon ya tambaya me ake yi da abin. Hauwa ta ce ci ake yi. Ya ɓare ɗan kaɗan ya tauna, fuskarsa ta tattare kamar tsumma, matar kusa da shi ta kasa riƙe dariya. Ya ce wannan maganar sun rufe ta, ba za a ɗora wa Sadiq ba, amma kada in sake kusantar alƙalin wasa. Na ce ko a mafarki.

Na zauna ina hamdala. Saura tambaya ɗaya. Tsohon ya dubi Sadiq ya ce, "Kai kaɗai ka san wannan. Hoto ba ya nuna zuciya. Kuskure ne, ko ramuwa ka yi?"

Hauwa ta raɗa mini cewa in kuskure ne, wasa biyu ne. Bashir ya taka ƙafar yaron a ƙarƙashin tebur, ina gani. Sadiq ya ɗago ya dube ni, karo na farko cikin kwana shida. Ni ban yi masa alama ba, Allah ne shaidata, ban ma san abin da nake so ya ce ba. Ya yi magana gajeriya da Turanci. Hauwa ba ta fassara ba, sai da na zungure ta.

"Ya ce nufarsa ya yi."

Wasa huɗu suka hana shi. Suka ce da bai faɗi gaskiya ba suka gano daga baya, da ya fi haka.

A mota Bashir ya fashe. "Inna, ke kika ja! Kin tashi kina ni ce, ni ce, yaro ya kwaikwaya! Shekara uku fa! Nan ƙasar in ba a tambaye ka da hujja ba, shiru ake yi!"

Sadiq ya ce, "Kawu, please. Ya isa."

Ranar wasan ƙarshe sanyi ya fara shigowa. Ban yi niyyar zuwa ba, shi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da wata ƙatuwar rigar sanyi a hannu. "Kaka, tashi. Maigida yana jira." Muka zauna a cikin 'yan kallo, shi da kayan gida, abokansa suna fita fili ɗaya bayan ɗaya. Can gefe ya nuna mini wasu mutum biyu da littattafai a cinya, mutanen babban kulob ɗin nan. Su ne. Suna ta rubutu a kan 'ya'yan wasu. Ko sau ɗaya ba su waiwayo inda muke ba, kuma har na baro ƙasar ba su kira shi ba.

Wasa ya yi zafi, saura kaɗan a tashi, 'yan su Sadiq suna gaba da ƙyar. Sai babban amininsa ya tare wani, hannunsa ya zame ya sami wuya. Alƙalin ranar, wani namiji ne, ya busa ya ɗaga katin ɗorawa. Ɓangarenmu ya kaure da ihu, Maman Rifkatu har ta jefar da jakarta. Da mutum goma sha biyu suka ƙarasa, kuma a cikin minti goman nan aka ci su, kofi ya tafi.

Ni ba fili nake kallo ba, fuskar jikana nake kallo. Hawaye yana bin kuncinsa bai share ba. Na kama hannunsa na ce, "Maigida, zalunci aka yi muku?"

Ya girgiza kai. Ya nuna maƙogwaronsa da yatsa, ya haɗa 'yar Hausarsa da ƙyar.

"A'a, Kaka. Ya taɓa nan. Daidai ne."

Iyakar abin da na ɗauko ke nan, na sauke shi gabanku. Malama Hindatu, ajiye biron, ruwa nake so.